Biɗar tururuwa a ƙasar Sakkwato

A unguwarmu ta Zariya an daɗe da yanke mini hukunci. Magidanci mai mata da 'ya'ya, yana karɓar albashi, amma ya keɓe rabin ɗaki yana kiwon tururuwa: ko aikin yi ya yi masa kaɗan, ko kuwa a bincika kansa. Ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a wata makarantar sakandare, kuma tattara tururuwa da rarrabe su gida-gida shi ne abin da nake yi lokacin da wasu ke gidan kallon ƙwallo. Na kewayen Zazzau na tara iya gwargwado, gwano mai warin nan, kwarkwasa, cinnaka, kiyashi iri-iri. Amma na rairayi da tsananin rana sai an nausa arewa. Wani abu kuma ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. A duniya an raɗa wa nau'in tururuwa fiye da 14,000 suna, amma kaso mai tsoka na abin da aka rubuta kan na Najeriya daga gonakin koko na kudu ya fito, irin aikin da Brian Taylor ya yi a cibiyar binciken koko da ke kusa da Ibadan a shekarun 1970. Na busasshiyar arewa ba su sami masu bi musu kadi haka ba.

Ba kowane lokaci ake wannan tafiya ba. Mai kiwon tururuwa sarauniya yake nema, don gida ba ya kafuwa sai da ita. Waɗanda kake gani suna kai-kawo ma'aikata ne, dukkansu mata, amma ba su ne ke ci gaba da zuriya ba. Tsohuwar sarauniya tana can ƙarƙashin ƙasa, haƙo ta kuwa rushe gida ne. Hanyar da ta dace ita ce a jira ranar da sababbin sarauniyoyi da maza za su yi fiffike su tashi barbara, galibi bayan ruwa mai ƙarfi a farkon damina. Daminar Sakkwato tana bayan tamu da makonni, don haka na bar sallahu wurin wani abokina da muka yi karatu tare, mazaunin Runjin Sambo, cewa ranar da ya ga hadari ya fara haɗowa daga gabas da gaske ya kira ni. A farkon watan Yuni ya kira.

Na ɗaure kayana a jakar goyo: kwalaben gwaji na gilashi, auduga, hantsaki, gilashin ƙara girma, sirinji na zuba ruwa, rariya, farin faranti, tocila, kwalbar sifirit, sai wata 'yar na'urar zuƙo ƙwari da na haɗa da kaina da robar ƙarin ruwa ta asibiti. Na hau Sharon a Kwangila tun kafin rana ta fito, naira 18,000. Ba wanda ya tambayi dalilin sammako, kowa ya san ba mai son yamma ta riske shi tsakanin Funtuwa da Gusau. Shika da Giwa a gyangyaɗi na wuce su.

Daga Funtuwa shingayen jami'an tsaro suka fara yawa. Mafi yawansu leƙe ne da ɗaga hannu, amma a wani da ke bayan Tsafe aka ce kowa ya sauko da jakarsa. Jami'in da ya zuge tawa ya ga kwalabe a jere da sirinji, sai ya ɗago ya dube ni.

"Malam, likita ne kai?"

"A'a, ranka ya daɗe. Tururuwa nake kamawa."

Bai yi dariya ba, ni ma ban ga laifinsa ba. A hanyar da ake safarar magunguna da allurai zuwa daji, mai ɗauke da irin waɗannan kaya dole ya yi bayani. Ya buɗe kwalbar sifirit ya shinshina, ya nemi katin aikina, na kuma nuna masa hotunan gidajen tururuwata a waya. Da ya kai kan hoton wata sarauniya tana lasar ƙwanta sai ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani. Ƙarshenta ya ce in ina son cinnaka in biyo ta masaukinsu in kwashe kyauta, har da ladan mota.

Maganar ta bi mu cikin mota. Wani Alhaji ɗan kasuwar albasa da ke gefena ya yi tambayar da na saba ji: nawa ake saye? Na ce ni ba na sayarwa, amma na ba shi labarin abin da ya faru a Kenya a watan Afrilun 2025, inda aka kama wasu samari biyu 'yan Beljiyam da wani ɗan Biyetnam da wani ɗan ƙasar da sarauniyoyi wajen 5,000 cikin kwalaben gwaji da sirinji, har da wata babbar tururuwa mai ɗibar hatsi da ake kira Messor cephalotes, wadda masu kiwo a Turai da Asiya ke rububinta. Kotu ta ci kowannensu tarar shilin miliyan ɗaya ko ɗaurin shekara. Alhaji ya yi shiru, can ya ce, "Mu kuma kalanzir muke zuba musu." Ni a ganina hukuncin ya yi daidai. Tururuwar da aka fitar daga ƙasarta asara ce ga inda ta baro, kuma tana iya zama bala'i ga inda ta je. Jar tururuwa mai harbin wuta da ta addabi kudancin ƙasar Amurka a jirgin ruwa ta shiga ta tashar Mobile a shekarun 1930 daga nahiyar Amurka ta Kudu, har yau an kasa raba ta da ƙasar.

Mun wuce dutsen Kwatarkwashi, muka ci shinkafa da wake a Gusau. Bayan Talata Mafara ƙasa ta fara sauya kama. Ɗorawa da kaɗanya suka yi ta raguwa, gawo da aduwa da kurna da sabara suka karɓi fili. Gonakin Zariya na baro su da masara ta fara kai ƙauri, nan kuwa kunyoyi ne tsirara suna jiran ruwa. Tureta, Dange, Shuni, muka shiga gari da la'asar.

Ina jin labarin zafin Sakkwato tun ina yaro, amma ji daban, shiga daban. A Zariya in rana ta yi zafi ka shiga inuwa ka sami sauƙi. A nan iskar ce da kanta take da zafi, ta biyo ka har cikin inuwar. Ƙofar ƙarfe ta gidan abokina ba ta taɓuwa da hannu sai da gefen riga, ruwan famfo kuma sai an tara shi ya huce kafin a yi alwala. A watannin Afrilu da Mayu awon zafin garin yakan haura 40, kuma farkon Yuni bai bar wannan hali ba tukuna. Ɗan kabu-kabu, wato ɗan acaɓa a wajenmu, ya kai ni daga tasha a kan naira 500. An ware mini ɗaki, amma ba wanda ya kwana a ɗaki. A tsakar gida muka shimfiɗa tabarmi, maza a gefe guda. Tuwon shinkafa da miyar kuka aka kawo, mai gidan yana ta ba da haƙuri wai ba a yi mini shiri ba, alhali zabuwa aka yanka.

A daren na fara aiki ba tare da na shirya ba. Mun fita shan shayi, sai na ga wasu manyan tururuwa masu launin zuma da ɗigo-ɗigo a ciki suna kewaya gwangwanin sukari. Camponotus maculatus ce, mai yawon dare. Akwai ta a Zariya ma, amma mai tattarawa ba ya raina abin da ya samu a sabon wuri, don sanin iyakar inda kowace iri ta kai rabin aikin ne. Ba ta da ƙari, cizo take yi ta fesa wani ruwa mai tsami. Mai shayi ya ce shekara da shekaru yana yaƙi da su, bai taɓa ganin wanda ya yi musu sallama ba sai ni.

Niyyata ita ce in yi gabas, wajen madatsar ruwa ta Goronyo, inda nake tsammanin sauran daji. Abokina ya ce sam. Ya lissafa mini garuruwan da a halin da ake ciki baƙo ba ya zuwa haka kawai, balle baƙon da zai tsuguna a bayan gari yana ɗaukar hoto yana duba taswira a waya. Ko a kusa da birni ma, ya ce, sai mun fara gaida mai unguwa, don kada a ɗauke ni ɗan leƙen asirin 'yan bindiga. Wannan ne babban ƙuncin mai irin sha'awata a arewa maso yamma a yau: wuraren da garma da maganin feshi ba su taɓa ba, inda ake sa ran samun abin da ba a saba gani ba, su ne wuraren da ba su shiguwa. Dole na haƙura da abin da ke kewayen gari.

Muka bi hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, muka sauka a Kwalkwalawa, inda gada ta ratsa gulbin Rima. Ƙasa iri biyu ce a wuri guda. Fadama baƙa ce mai laka, ta masu shinkafa da albasa da dankali. Ka ɗan haura kaɗan kuma sai tudu, jan rairayi zalla na gero da wake. Mai unguwa ya saurare mu, ya tambaye ni sau biyu ko gwamnati ce ta aiko ni, sannan ya haɗa mu da wani yaro ya raka mu. A tudun muka tarar da wani dattijo yana gyaran kunya.

"Mi kaka biɗa, ɗana?"

"Tururuwa, Baba."

"Tururuwa? To ai ka iso gida. Taho in gwada ma ɓarayina."

Ya kai ni bakin gonarsa. Fili ne kewayayye, an share shi tas ba ko tsinke, kamar masussuka, da tarin ƙaiƙayi a gefe, da hanyoyi siraran da suka fita ta ko'ina suka shige cikin gona. Tururuwa baƙaƙe masu ɗan ja a ka suna shigowa a jere, kowace da ƙwaya a baki, wasu ƙanana, wasu da kai ƙato. Messor ce, mai ɗibar hatsi, 'yar uwar waɗanda aka kama a Kenya. Masu ƙaton kan su ne ke fasa ƙwaya mai tauri, sannan a tauna ta ta zama ƙulli a ciyar da tsutsotsi. Na ɗauki ɗaya na duba da gilashi: a ƙarƙashin haɓarta akwai dogayen gashi a jere, da su take kwasar busasshen rairayi in tana haƙa, abin da gwanon Zariya mai haƙa a ƙasa mai danshi ba ya buƙata.

Baba ya yi binne, wato ya shuka gero a busasshiyar ƙasa yana jiran ruwa, su kuma suna bin ramuka suna tonewa. Amma bai yi maganarsu da ƙiyayya ba. Ya san lokacin fitarsu, da sassafe da yamma da dare, ya san da rana tsaka ba a ganinsu. Ya ce in ruwa ya shiga rumbunsu, washegari sukan fito da hatsin su shanya a bakin rami. Sannan ya ba ni labarin da ya sa na ajiye hantsakin na zauna. "Shekarar hwari," in ji shi, "gidajensu munka haƙa. Mata su sheƙe abin da anka samu, 'ya'yan haki da na ƙarangiya, a daka a dama ma ɗiya. Ni da idona nag gani." Farin shekarun 1970 yake nufi. Ba a nan kaɗai ba. A yunwar 2005 ma an ba da rahoton mutane a Nijar suna tonon gidajen tururuwa don hatsi.

Da na tambaye shi sauran ire-iren da ya sani, sai ya rarraba mini su bisa aiki da mazauni. Akwai mai ɗibar hatsi, akwai mai gudun rana, akwai ta bisa bagaruwa mai ɗage gindi in an taɓa ta, akwai mai ciki ruwan zinare da ke gina 'yar ƙofa a fili, ga cinnaka ta cikin gida. Ina rubutawa ina saka sunayen littafi a gefe: Messor, Cataglyphis, Crematogaster, Camponotus sericeus, Brachyponera. Ko ɗaya bai haɗa biyu wuri guda ba. Ni da madubin ƙara girma nake rarrabewa, in ƙirga ƙulli a ƙugu da gaɓoɓin ƙaho. Shi da shekara sittin na kallo daga kan gatarinsa da hauyarsa. Da za a bi tsofaffin manoman ƙasar nan da littafi da 'yar kwalba, da an cike wani babban giɓi ba tare da an kashe kuɗin kirki ba.

Mai gudun ranar ce ta fi ba ni wahala, ita ce kuma ainihin abin da ya kawo ni. Wajen ƙarfe ɗaya, lokacin da mai ɗibar hatsi ta shige, ƙadangaru ma suka nemi inuwa, sai ga ta. Doguwar ƙafa, ja da baƙi, ta ɗaga ciki sama, ita kaɗai ba rakiya, tana gudu tana tsayawa tana juyawa. Dabararta ke nan: ta fito a lokacin da masu cin ta ba su iya fitowa, ta kwashe ƙwarin da rana ta kashe. Ba ta bin sawun ƙamshi irin na sauran, don rairayi mai zafi ba ya riƙe shi. Da hasken sama take gane alƙibla, nisa kuma da ƙirgen taku. An tabbatar da haka a Tunisiya, a wani binciken da aka wallafa a 2006, inda masu bincike suka liƙa wa wasu 'yan uwanta gashin alade a ƙafafu suka ƙara musu tsawo, sai suka riƙa wuce ƙofar gida, waɗanda aka rage wa ƙafa kuma suka riƙa tsayawa kafin su kai. Wata 'yar uwarta ta Sahara mai launin azurfa an wallafa awon gudunta a 2019, milimita 855 a daƙiƙa ɗaya. Na bi ɗaya da ido ta yi ta kewaye-kewaye har ta sami mataccen ƙwaro, sannan ta miƙe ɗoɗar zuwa wani ɗan rami da ko ni da na tsaya kusa da shi ban lura da shi ba.

Hantsaki bai yi amfani ba, robar zuƙa ma haka, sai rairayi nake sha. Yaron da ya rako mu ya gaji da kallona, ya karɓi kofi ya tsuguna a bakin ramin, ya jira mai dawowa da kaya, wadda nauyi ya rage mata gudu, ya kife ta. Wayata ta ɗauki zafi ta mutu da kanta. Muka koma gindin dogonyaro, wata Bafulatana ta dama mana fura da nono ta naira 700, na sha har na ji idona ya buɗe.

Bayan sallar magariba abokina ya kai ni zauren wani malami da yake ɗaukar karatu wurinsa, labarina kuwa ya riga ni isa. Malam ya bari aka gama gaisawa, sannan ya ce ya ji ina jefa tururuwa cikin sifirit, ko na san hadisin Ibn Abbas da ya hana kashe halittu huɗu, tururuwa da ƙudan zuma da alhudahuda da wani tsuntsu? Na ce Allah ya gafarta Malam, na sani, na kuma san na Annabin da aka yi wa wahayi saboda ya sa an ƙona gidan tururuwa don ɗaya ta cije shi. Na ce na karanta cewa malamai irin su Khaɗɗabi sun ce hanin ya shafi babbar tururuwa ce mai dogayen ƙafafu, saboda ƙarancin cutarwarta. Malam ya yi murmushi ya ce, "To ai ita kat tahi kamu yau." Zauren ya kwashe da dariya, ni ma na yi, don gaskiya ya faɗa.

Na yi masa bayanin yadda nake yi. Hoto nake fara ɗauka. Tururuwa tana fitar da gawawwakin 'yan uwanta ta zubar a juji kusa da rami, kuma in na sami mai kyau a nan, ita nake ɗauka. In babu, biyu ko uku nake cirewa daga gida mai dubbai, don akwai abin da ba ya ganuwa sai a ƙarƙashin madubi. Malam bai ce ya halatta kai tsaye ba, bai ce ya haramta ba. Ya ce lalura gwargwadonta ake auna ta, kada in wuce buƙata, kada in yi wasa da rai. Ya fi tsananta magana a kan waɗanda nake tsarewa da rai. Ya kawo hadisin yaron da ke da ɗan tsuntsu yana wasa da shi ba a hana shi ba, ya kawo na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ta ciyar da ita ba. Wanda ya tsare, ciyarwa ta hau kansa. Daga nan karatu ya koma kan Suratun Namli, aya ta 18, da tururuwar da ta gargaɗi 'yan uwanta kan rundunar Annabi Sulaimanu, har aka kira isha'i.

Kwanakin da suka biyo hadari ya yi ta haɗowa yana watsewa. Na yi Juma'a a Masallacin Shehu, na ziyarci Hubbare, na zaga kasuwa. Wata safiya kuma muka je wani lambun mangwaro a bakin gulbi wajen Wamakko, na tankaɗe ruɓaɓɓen ganye da rariya a kan farin faranti. Cikin tarkacen sai ga wata 'yar siririya ja-ja tana tafiya a hankali, ta buɗe dogayen muƙamuƙanta har sun miƙe sambal hagu da dama. Anochetus ce, mai bakin tarko. Akwai 'yan gashi a tsakanin muƙamuƙan, da zarar sun taɓa abin farauta sai bakin ya datse, da saurin da ido ba ya gani. Gidanta ƙarami ne, a ɓoye take rayuwa cikin ganye da ƙasa, shi ya sa ake lissafa irinta cikin waɗanda ba a cika samu ba. Mai lambun, da ya yi shekaru a wurin, ya ce bai taɓa ganinta ba. Ita kaɗai ta biya mini kuɗin mota.

Ruwan ya zo da dare. Jar ƙura ce ta fara tasowa daga gabas ta rufe gari, muka kwashi tabarmi a guje, sannan aka tsuge da ruwa har wajen asuba. Washegari da magariba kowane fitila a unguwar ya cika da shinge, yara suna tarawa a kwanon ruwa don a soya. Da suka ji ina biyan naira 100 kan kowace sarauniya sai suka yi mini caa da kwanoni. Dole na buɗe aji a ƙofar gida. Shinge gara ce, gara kuwa ba tururuwa ba ce, dangin kyankyaso ce; tururuwa dangin zanzaro da ƙudan zuma ce. Na nuna musu: tururuwa tana da siririn ƙugu, ƙahonta a tanƙware yake, fiffikenta na gaba ya fi na baya tsawo. Shinge ba ƙugu, fukafukanta huɗu tsawonsu ɗaya. Wani yaro ya kawo mini wani ƙaton ƙwaro ruwan ƙasa mai dogon ciki yana ta mutsu-mutsu, ya riƙe shi da tsinke don tsoron harbi. Namijin dangin kwarkwasa ne, ba shi da ƙari ko kaɗan. Na karɓa don ajiya kawai, don kwarkwasa ba ta kiwuwa ta wannan hanya: sarauniyarta ba ta fiffike, gida ne ke rabewa biyu.

Hausawa suka ce in tururuwa ta tashi lalacewa fiffike take yi, kuma wanda ya tsaya a tsakar gidan nan ya ga dalili. Mazan suna mutuwa jim kaɗan bayan barbara, matan kuma kaji da ƙadangaru da kwaɗi suna ta wawa. Amma wadda ta tsira takan karya fukafukanta da kanta, ta haƙa ɗan rami ta toshe ƙofa, kuma barbarar wannan rana ita za ta ishe ta har ƙarshen rayuwarta. Akwai sarauniyar wata baƙar tururuwar Turai da ta yi kusan shekara 29 a hannun wani mai kiwo a Jamus. Irin waɗannan muka fita nema da sassafe, masu tafiya a ƙasa ba fiffike, masu kaurin ƙirji da tabon inda fiffike ya fita. Idon yara ya fi nawa nesa ba kusa ba. Mun sami 'yan kaɗan na Camponotus, har da mai cikin zinaren da Baba ya faɗa.

Kowace na ba ta kwalbarta: ruwa sulusin kwalba, a tura auduga ta tare shi ta riƙa tsattsafo danshi, a saka sarauniya, a toshe baki da busasshiyar auduga. Ba a ba ta abinci a wannan mataki, don naman fiffikenta ne ke narkewa ta rayu da shi, ta kuma ciyar da 'ya'yan fari. Duhu take so da rashin motsi. Abin tsoro zafi ne, sai uwargidan abokina ta ba ni wuri a gindin randa, inda ya fi ko'ina sanyi a gidan, bisa sharaɗin ko ɗaya kada ta fito.

A dawowa na biya naira 20,000 don kujerar gaba. Na naɗe kwalaben a jiƙaƙƙen tawul cikin kular abinci, a kwance, ba ƙanƙara, na rungume a cinya, ga kilishi da buhun albasa a but. Duk da haka ɗaya ta mutu kafin Gusau. Ba wanda ya buɗe kular a hanya.

A gida aikin zama ya fara. Kowace ta ajiya ana liƙa ta a bakin 'yar takarda mai kusurwa uku, a soke takardar da allura, a duba ta a madubi. Ƙulli biyu a ƙugu gidan su Messor da kiyashi ne. Ƙulli ɗaya da ƙari gidan gwano da cinnaka da mai bakin tarko. Ƙulli ɗaya da 'yar kafa mai gashi a ƙarshen ciki maimakon ƙari gidan Camponotus da mai gudun rana. Littafin da Brian Fisher da Barry Bolton suka fitar a 2016 kan tururuwar Afirka da Madagaska shi ke kai ni ga dangi, sannan in gwada da hotunan AntWeb, wani shafin intanet na tururuwa. Cinnakar Runjin Sambo ta fito Brachyponera sennaarensis, wadda aka fara bayyanawa a 1862 daga Sennar ta Sudan, kuma ita ce a Saudiyya harbinta kan kai wasu asibiti. Kowace allura tana ɗauke da takardar da ta faɗi ƙasa, gari, irin wurin, kwanan wata da wanda ya kama, don tururuwar da ba takarda ba ta da amfani ga kowa. A littafina kuma na rubuta abin da Baba ya faɗa a kan kowace.

Sarauniyoyin da suka rayu sun yi ƙwai, 'ya'yan fari sun fito 'yan mitsi-mitsi, na fara ba su ruwan zuma da ƙafar fara, ina kuma zuba musu gida da garin filasta irin na masu silin. Ta mai ɗibar hatsi ce ban samu ba, don ba su tashi ba har na baro. Na bar wa yaran gidan abokina kwalabe da auduga, na kuma sake maimaita musu maganar ƙugu da ƙaho. Shekaranjiya babbansu ya turo mini hoto ta WhatsApp ɗin mahaifinsa, ya ce ya kama mini ƙatuwa, in shirya naira 100. Shinge ce.